Daminar da Na Zana Cikin Dutse

Na san abin da kuka taso kuna ji a kaina wajen dangi. Ba wanda ya taɓa faɗa muku a gabana, amma ina lura da yadda kuke yin shiru duk lokacin da aka ambaci rasuwar kakanku, Malam Garba. Abin da ake cewa shi ne na bar mahaifina kwance yana jinya, na hau jirgi na koma Turai don in ƙarasa wani zane. Ba ƙarya aka yi mini ba. Na tafi, kuma zanen ne ya mayar da ni. Sai dai akwai abin da ya faru kafin tafiyar, kuma waɗanda suka san shi duk sun riga mu gidan gaskiya, don haka zan rubuta muku shi yadda ya auku.

A farkon shekarun tamanin ne, ina shekarata ta ƙarshe a wata jami'a a Ingila, inda gwamnatin jiha ta tura ni karatun digiri na uku a fannin fiziks. Mahaifiyarku tana koyarwa a wata firamare a Funtuwa, tana zaune gidan iyayenta, ba mu sami haihuwa ba tukuna. Sai na bayyana muku aikin da nake yi a can, domin duk maganar a kansa take. Ku ɗauki ƙwayar gishiri ku duba ta da kyau, za ku ga tana da kusurwoyi kamar an yanka ta da wuƙa. Dalili shi ne ƙwayoyin zarrar da ke cikinta a jere suke sahu-sahu, tsari ɗaya yana ta maimaita kansa. Duk abin da ke da irin wannan tsari kiristal muke ce masa. Abin da ke riƙe ƙwayoyin kada su watse kuwa wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa ne masu ɗauke da lantarki, ana kiran su ilektaron. Ba sa tsayawa wuri ɗaya balle a nuna su da yatsa, iyaka dai a ce sun yi yawa a nan, sun yi ƙaranci a can. A cikin gishiri suna manne wa ƙwaya ɗaya su bar tsakani kusan wayam. A cikin silikon, wanda ake sawa a rediyo, tsakanin ƙwaya biyu suke taruwa. Ni kuma aka ba ni wani kiristal da ake haɗawa daga sinadarai biyu, galiyam da asanik, wanda halinsa tsaka-tsaki ne, aka ce in nemo inda nasa suke taruwa.

Sharaɗin aikin shi ne ba zan auna komai ba. Zan gaya wa kwamfuta irin ƙwayoyin da inda kowace take zaune, in ba ta dokokin lissafi na asali, shi ke nan. Sai in yi kirdado in ce ga yadda nake zaton ilektaron ɗin sun bazu. Ta lissafa ta fito da nata. In mayar mata da abin da ta fitar, ta sake lissafawa. Haka za a yi ta juyawa har abin da ya shiga da abin da ya fito su zama ɗaya. Kwamfutar ta cika ɗaki guda, duk jami'ar ita ake bi wa layi, kowa da rabonsa na lokaci. A jikin katuna masu huji ake ba ta umarni, huji ɗaya ya kauce aikin mako ya lalace. Na shafe fiye da shekara biyu kafin lissafina ya daidaita. A makon da ya daidaita, tun ban kai ga injin da ke mayar da lambobi zane ba, talgiram ɗin mahaifiyarku ya iso cewa jikin Baba ya yi tsanani. Na naɗe takardun lambobin yadda suka fito, na cusa su a akwati, na taho.

Na tarar da damina ta yi nisa. Daga Funtuwa har ƙauyenmu, wanda ke gefen hanyar Malumfashi bayan an wuce Bakori, masara ta yi goyo, auduga ta rufe ƙasa. Baba yana kwance a ɗakinsa, ƙafafunsa da cikinsa sun kumbura, idanunsa sun yi ɗorawa. Na kai shi asibiti a Malumfashi. Likitan ya ja ni gefe ya ce hanta ce, kuma ba abin da za a yi illa a rage masa wahala. Na tambaye shi tsawon lokacin da ya rage. Ya ce zai iya kai kaka, zai iya kai wata damina, shi bai sani ba.

Gidanmu a lokacin gandu ɗaya ne da Baffa Audu, ƙanen Baba. Tun suna samari suke noma tare, rumbu ɗaya, ba su taɓa raba gona ba. Yayata Asabe ta zo daga gidan mijinta a Bakori tana taya Inna jinya. Akwai kuma Tanko, wani Bamaguje da gonarsa ke iyaka da tamu, abokin Baba tun ƙuruciya. Kullum da hantsi sai ya zo da sanda da ƙullin saiwoyi. Baba ba ya shan saiwoyin, amma bai taɓa cewa a daina kawowa ba. Su zauna su yi ta maganar shanun huɗa da mutanen da suka mutu tuntuni.

Jinya irin wannan yawancinta zama ne. Baba yakan yi barci mai tsawo da rana, ni kuwa ba ni da abin yi. Sai na shiga Funtuwa na sayo manyan takardu masu gida-gida a kantin wani Bayarabe haifaffen garin, na ɗora wani tsohon ƙyaure a kan turame biyu a rumfar ƙofar ɗakin Baba, na fara yin abin da injin zai yi mini a can. Kowane gida na takardar in rubuta masa lambarsa, wato yawan ilektaron a wannan wurin. Bayan nan in bi da fensir ina haɗa wuraren da lambarsu ta zo ɗaya, kamar yadda ake zana tuddai a taswira. Hannuna kan yi gumi takarda ta jiƙe, kaji su hau, iskar hadari ta taso in kwashe komai da gudu. A hankali layukan suka fara rufewa. Ga ƙwayar galiyam a nan, ga ta asanik a can, ga wani tudu ya taso a tsakaninsu, ya karkata wajen asanik. Wannan karkatar an sa ran ganinta. Abin da ba a sa rai ba shi ne yawanta, domin ta zarce abin da masu auna kiristal da hasken eksire, irin na hoton ƙashi a asibiti, suka samu. Ko dai lissafina yana da rauni, ko kuwa na ga abin da awonsu bai kama ba. Hanya ɗaya ce ta sani, a sake lissafin da faɗi fiye da na farko. Rabona na kwamfuta kuwa ƙarshen shekara zai ƙare, tallafin karatun ma haka, kuma a shekarun nan ba a ƙara wa kowa.

Wata rana na ɗaga kai sai na ga Baba ya farka yana kallona ta ƙofa. Ya ce in kawo ya gani. Na kai masa, na yi bayani iya yadda zan iya.

Ya ce, "Wannan cikin dutsen ne?"

Na ce, "Cikinsa ne, Baba."

"Ka fasa ka gani?"

"Ba ya ganuwa ko an fasa. Lissafi ne ya nuna."

Ya daɗe yana bin layukan da ido, sannan ya ce, "To, in lissafin ya yi maka ƙarya fa, wa zai gaya maka?"

Na ce sai an sake yi. Ya tambaya a ina, na ce a can. Ya miƙo mini takardar, ya juya fuskarsa bango.

Da lokacin komawata ya matso, kowa a gidan ya faɗi tasa. Baffa Audu ya same ni a gona ya ce, "Mamman, kai ne babban ɗa namiji. Ni ƙane ne, zan iya noma gonarsa, amma ba ni zan tsaya a madadinka ranar da za a ɗauke shi ba. Ka zauna." Yaya Asabe ta ce ita ba ta ga abin da zai sami takarda ba idan ta jira shekara guda, na yi mata bayanin rabon kwamfuta, ta ce ashe inji ma yana da ranar da yake ba mutum. Inna kuwa sai ta ƙara yawan tuwon da take zuba mini. Mahaifiyarku, da na je Funtuwa na tambaye ta, ta ce:

"Ba zan ce ka tafi ba, ba zan ce ka zauna ba. Amma idan ka zauna, kada nan gaba ka riƙa kallonmu kamar mu muka hana ka."

Na yanke shawarar zama. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na gaya wa Baffa a gaban dattawan unguwa. Suka sa mini albarka, liman ya yi addu'a. Ku riƙe wannan, domin shi ya sa abin da ya biyo baya ya yi muni a idon mutane. Na ba da magana a bainar jama'a.

Ranar kasuwar Bakori, Baffa ya tafi sayar da akuya, Yaya Asabe ta bi shi don ta leƙa gidanta. Da hantsi Baba ya aiko Inna ta kira ni. Tanko yana zaune a bakin ƙofa, ya yunƙura zai tashi, Baba ya ce ya zauna.

Baba ya ce, "Na ji an ce ka fasa komawa."

Na ce, "Haka ne."

"Wa ka tambaya?"

Bai jira amsata ba.

Ya ce, "Lokacin da na kai ka makarantar boko, ba irin maganar da ban sha ba a garin nan. Tanko yana nan, ya sani. Ban sha ta don ka zo ka tsaya a bakin ƙarshe ba. Zamanka zai sauke kumburin nan?"

Na ce ba zai sauke ba, amma haƙƙinsa ne a kaina.

"Haƙƙina ne, to ni na yafe. Kuma bari in gaya maka gaskiya, na gaji da idonka. Duk sanda na farka kana zaune kana kallona kamar mai jiran mota. Mutum ba ya samun sakewa ya yi ciwonsa. Ka tafi ka gano ko ƙarya lissafin ya yi maka."

Inna ta fara kuka ƙasa-ƙasa. Ya ce mata ta bari. Sannan ya ƙara da abin da ya ɗaure ni shekaru.

"Kada ka gaya wa Audu ni na ce. Zai zo ya zauna mini a ka da gardama, ni kuwa ba ni da ƙarfinta yanzu. Ka ce kai ka sake shawara."

Tanko ya ce, "Garba, za ka bar yaro da kaya."

Baba ya ce, "Zai iya ɗauka."

Haka na yi. Na gaya wa Baffa na sake shawara. Ya dube ni kawai, ya ɗauki fartanyarsa ya fita. Ranar tafiya na durƙusa na yi masa sallama, bai amsa ba. Baba kuwa ya kama hannuna ya yi mini addu'a gajeriya, ya ce in gaishe da malamina. Yaya Asabe ba ta fito ba.

Na koma na sake huda katuna, na faɗaɗa lissafin, na shiga layi. Ana cikin cirar auduga a gida Baba ya rasu. Kafin labari ya iso ni an yi addu'ar bakwai. Na yi masa salla ni kaɗai a ɗakina, washegari na tafi ɗakin kwamfuta domin ranar rabona ce. Da lissafin ya daidaita, injin zane ya fitar da hoton kafin in gama shan shayi, abin da ya ci mini rabin damina a kan ƙyaure. Tudun yana nan, karkatar tana nan, amma ta ja baya ta dawo kusa da abin da masu awo suka samu. Ƙarin da na gani a gida raunin lissafin farko ne. Ban gano wani sabon abu ba. Na dai nuna cewa daga dokokin asali kaɗai, ba tare da an taɓa dutsen ba, ana iya fitar da hoton cikinsa daidai. Malamina ya ce aiki ne mai kyau, aka ba ni digiri. Wasu da yawa sun yi irinsa a shekarun, yau kuwa ɗalibi yana yin sa a kwamfutar da ke kan cinyarsa. Na faɗi wannan don kada ku zaci wani babban abu aka saya da abin da aka biya.

Da na dawo na tarar an raba gandu. Gonar fadama, wadda ita ce mafi kyau, ta faɗa wajen Baffa, aka ce shi ya yi jinya shi ya yi noma. Ban yi jayayya ba. Mutanen da suka sa mini albarka a ƙofar masallaci suna amsa gaisuwata a taƙaice. Za ku ce me ya hana ni faɗin gaskiya tun da Baba ya rasu. Na yi tunanin haka. Amma mutumin da ake zargi, idan ya ce mamaci ne ya umarce shi, wa zai yarda? Inna tana zaune a gidan da Baffa ne babba a cikinsa, ban so in sa ta tsakani. Tanko shi ya gwada. Tun ranar sadakar arba'in ya sami Baffa ya gaya masa abin da ya ji da kunnensa. Baffa ya ce ba zai karɓi shaida a kan ɗan'uwansa daga bakin wanda ba ya salla ba. Tanko ya ɗauki sandarsa ya tafi, bai sake taka gidanmu ba har ya mutu, mutumin da ya fi shekara hamsin yana shiga gidan ba sallama. Nakan je in gaishe shi a gonarsa. Bai taɓa tayar da maganar ba.

Na kama aikin koyarwa, muka zauna a Funtuwa. Shekaru suka wuce kafin Allah ya ba mu haihuwa. Da aka haife ka, Abba, na ce sunan Baba za a sa maka, kuma a ƙauye za a yi suna. Baffa ya zo, don ba ya ƙin taron dangi ko yana fushi. Bayan an raɗa suna an yanka rago, ya shiga cikin gida don ya ga jariri. Inna ce take riƙe da kai, mata sun cika tsakar gida, ni ina tsaye daga bakin zaure. Ta miƙa masa kai, ya karɓa, ya ce Allah ya raya, Allah ya sa ya fi ubansa jin ƙan iyaye. Wasu mata suka sunkuyar da kai.

Inna ba mai magana a taro ba ce. Ranar ta ce, "Malam Audu, tsaya. Yaron nan bai gudu ba. Yayanka ne ya kore shi, ina zaune, Tanko yana zaune. Ya ce ya yafe masa, ya ce ya tafi. Shi ya ce kada a gaya maka."

Na zaci Baffa zai musa, ko ya ce me ya hana a faɗa tuntuni. Bai yi ko ɗaya ba. Ya tsaya yana kallon fuskarka, har Yaya Asabe ta matso don kada ya sake ka.

Ya ce, "Ni Yaya ya ce kada a gaya wa?"

Inna ta ce, "Ba shi da ƙarfin gardama ne a lokacin."

Ya ce, "Shekara sittin muna ci a akushi ɗaya."

Ya miƙa ka ga Yaya Asabe, ya fita ta gabana bai dube ni ba, ya tafi gona da rigar sunan a jikinsa. Ba a gan shi ba har aka gama rabon nama.

Daga ranar ya riƙa amsa gaisuwata, har yakan aiko mana da masara sabuwa. Maganar dai ba ta bar bakin mutane ba, domin ta riga ta zauna, kuma waɗanda suka ji Inna mata ne na cikin gida, wasunsu ma suka ce uwa ce take kare ɗanta. Baffa kuwa bai ƙara ambaton Baba a gabana ba, shi da a da ba ya zama bai kawo sunan yayansa ba. Ni an mayar mini da wani abu a ranar, shi kuma an karɓe masa wani, kuma ban tabbata nawa ya fi nasa nauyi ba.

Ko tafiyata daidai ce, har yau ban yanke ba. Umarnin uba na bi, wannan na sani. Na kuma san da ya ce in tafi, akwai wani ɓangare na zuciyata da ya ji sanyi, tun kafin in fita daga ɗakin. Abin da nake so daga gare ku kaɗan ne. 'Ya'yan Baffa da jikokinsa suna nan a ƙauye, suna noma fadamar. Kada wani cikinku ya je musu da wannan takarda yana neman a ba shi gaskiya, ko ya tayar da maganar gona. Idan kun je, ku gaishe su da kyau. Ku tambaya a nuna muku gidan jikokin Tanko, yana bayan rafi, ku shiga ku gaishe su su ma, ku gaya musu ku jikokin Garba ne.